Mai Gadin Zuciya: Wane Suna Za Mu Raɗa Wa Wannan Na'ura?

A watan Yunin 2021, ɗan ƙwallon ƙasar Denmark, Christian Eriksen, ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa. Bayan an ceto ransa, likitoci suka dasa masa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji, kuma a Fabrairun 2022 ya koma fili. Wannan na'ura, wadda Dakta Michel Mirowski ya jagoranci ƙirƙirowa, an fara dasa ta ne a asibitin Johns Hopkins na Amurka a 1980. Aikinta shi ne sauraron zuciya dare da rana. Da zarar bugun ya rikice ya koma karkarwa, sai ta aika da wutar lantarki ta daidaita shi cikin daƙiƙoƙi.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke tattara komai mu kira shi "ciwon zuciya". Alhali kuwa toshewar jijiyar jini daban, rikicewar bugu daban, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Matashin da ke yawan suma sai a ce iska ce, ranar da ya faɗi bai tashi ba a ce mutuwar fuju'a. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Don haka ina kira ga likitocinmu da masana Hausa su zauna su fitar da sunayen waɗannan cututtuka dalla-dalla. Ita kuwa na'urar, shawarata a kira ta "mai gadin zuciya", domin majinyaci ya fahimci abin da za a saka masa a ƙirji kafin ya sa hannu.