Ko Kun Sani? Dabarar Mesa

Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, Janar Winfield Scott na sojojin Arewa ya ba da shawarar a toshe tashoshin jiragen ruwan Kudu, a kame kogin Misisipi, a matse 'yan tawaye sannu a hankali. Jaridun Arewa suka yi masa ca, suka laƙaba wa dabarar sunan anakonda, macijiya dangin mesa. Jaridar New York Tribune kuwa kullum kira take a auka wa Richmond, babban birnin 'yan tawayen Kudu, kai tsaye. Aka yi gaggawa, sojojin Arewa suka sha kashi a Bull Run ranar 21 ga Yuli. Abin takaici, bayan asarar rayuka masu yawa, kusan hanyar Janar Scott aka bi: a Yulin 1863 Misisipi ta dawo hannun Arewa.