Barcin Da Ba Barci Ba

Uwargida, in kin taɓa kai yaro asibiti da damina, wataƙila kin ji ma'aikaciyar jinya na gaya wa likita cewa yaron "lethargic" ne. Mu a Gwarzo da Kabo sai mu ce ya galabaita ko yana magagi, amma a bakinsu kalmar ta fi haka nauyi. Yaron bai suma ba tukuna. Idonsa ma yana iya zama a buɗe, sai dai ba ya bin ki da kallo, kin kira sunansa bai waiwayo ba, kin tashe shi ya sake langaɓewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cikin manyan alamomin haɗari ga yaro ɗan ƙasa da shekara 5, tare da jijjiga, amayar da komai, da kasa shan nono. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da sanƙarau duk suna kawo shi.

Abin takaici, a nan ne ake cewa "ƙyale shi, ya samu barci." Kada ki ɗura masa komai, zai iya shaƙewa. Ko a Getso kike ko a Garo, ki sanar da maigida a nemi abin hawa zuwa asibiti a daren nan.