Tartsatsin da ya dawo baya

A shekarar 1909, a Jami'ar Manchesta ta Ingila, an ba wani ɗalibi mai shekara 20, Ernest Marsden, aikin da babu wanda ya sa ran zai haifar da wani abu. Zai kashe fitila ya zauna har idonsa ya saba da duhu, sannan ya kafa ido a madubin ƙara girma yana ƙirga tartsatsi. Ƙwayoyin alfa ake harbawa kan fallen ƙarfe siriri, na zinare da makamantansa. Duk wadda ta faɗa kan allon da aka shafa wa sinadari sai ta yi ƙyal ta ɓace.

A lokacin masana na ganin sun san ƙwayar zarra. John Dalton ya ce dunƙulalliya ce, ba ta rabuwa. A 1897 J. J. Thomson ya gano elektaron a cikinta, sai aka koma ɗaukarta abu mai laushi. In haka ne, duk abin da aka harba zai ratsa ya wuce abinsa. Amma maigidan Marsden, Ernest Rutherford, ya ce a duba ko akwai mai dawowa baya.

Akwai kuwa. Marsden da abokin aikinsa Hans Geiger sun ga kusan ɗaya cikin dubu takwas tana juyowa. Wani malamin da cewa zai yi idon yaron ne ya gaji. Rutherford bai raina wannan ɗayar ba, kuma abin da ya fi burge ni a labarin ke nan. Ya yi kusan shekara biyu yana juya lamarin, a 1911 ya fito da amsa: kusan dukkan nauyin zarra yana cure ne a wata 'yar mitsitsiyar cibiya, sauran fili ne fetal. Da za a buɗa zarra ta kai faɗin karar shanu ta Maigatari, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar gero a tsakiyar filin ba.

Daga nan abu ya yi sauri. James Chadwick ya gano niyutiron a 1932. A ƙarshen 1938 aka fasa cibiyar yuraniyom a Berlin, Lise Meitner, wadda ta tsere wa mulkin Hitila, ta bayyana abin da ya faru.

Mu a Najeriya ta mummunar ƙofa abin ya fara iso mana. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin saharar Aljeriya, can inda iskar hunturu ke bi kafin ta sauko mana. Da ta yi gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta a Janairun 1961. Shekara goma bayan haka aka fara haƙo yuraniyom a Arlit ta Nijar.

A 2004 aka kunna tukunyar nukiliya ta farko a Najeriya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ƙarama ce, kilowat 30 a lokacin, ƙirar Sin, ba ta ba kowa lantarki. Aikinta a saka mata ɗan samfurin ƙasar gona ko dutse, niyutiron ya buge shi, a karanto sinadaran da ke ciki. A 2018 aka sauya mata makamashi, aka mayar wa Sin tsohon yuraniyom ɗin mai ƙarfi wanda irinsa ake haɗa bam da shi.