Bolt 12, 16 ko 48: Yadda masu tseren motoci a Amurka ke zaɓen batirin tayar da inji

A tseren motoci na gajeren zango da Amurkawa suka shahara da shi, motoci biyu ne ke jerawa a miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon rubu'in mil, wato kimanin mita 402, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi an gama. Direban da injinsa ya ƙi tashi lokacin da aka kira shi bakin layi ya faɗi ke nan, ko da kuwa motarsa ta fi ta abokin karawarsa gudu. Shi ya sa batir, wanda mai mota na yau da kullum ba ya tunawa da shi sai ranar da ya mutu, ya zama abin muhawara a tsakanin bakanikan wannan wasa.

Batirin mota da kowa ya sani yana da ɗakuna shida, kowanne na bayar da bolt 2.1, jimilla bolt 12.6 idan ya cika. Da zarar inji ya tashi, altaneta ce ke karɓar ragamar aiki, tana riƙe wutar a wajen bolt 14. To amma da yawa daga cikin motocin tsere ba su da altaneta. Ana cire ta ne saboda nauyinta da kuma ɗan ƙarfin da take ja daga inji. Ke nan batirin shi kaɗai zai juya kik, sannan ya ciyar da famfon mai, da famfon ruwa, da fanka, da akwatin da ke aika wuta zuwa fulogi, tun daga wurin ajiye motoci har ƙarshen tsere.

Ga shi kuma injin kansa yana da taurin juyawa. Injin motar gida na matse iska da mai kusan ninki 10, alhali na wasu motocin tsere kan kai ninki 14 ko fiye. Idan kik ya ci karo da wannan matsi, musamman inji na da zafi bayan zagayen farko, yakan zuƙi ɗaruruwan amfiya, wutar batirin ta faɗi zuwa bolt 10 ko ƙasa da haka. A irin wannan hali tartsatsin fulogi ya yi rauni, injin kuma ya riƙa juyawa a hankali. Wani lokaci ma man yakan kama wuta kafin fistin ya kai sama, injin ya harba baya ya karya haƙoran kik.

Wannan ne ya haifar da batir mai bolt 16. Ɗakunansa takwas ne, idan ya cika yana nuna bolt 16.8, saboda haka ko da wutar ta faɗi lokacin tayarwa, abin da ya rage ya ishi akwatin wuta. Kik ya fi sauri, famfon mai ya fi ƙarfi. Sai dai yana da sharuɗɗansa. Cajar gida ba za ta cika shi ba, yana buƙatar tasa mai kaiwa wajen bolt 19, kuma dole a riƙa jona shi tsakanin zagaye da zagaye. Ƙwan fitila, agogunan gaban direba da wasu kwamfutocin inji da aka ƙera don bolt 12 na iya ƙonewa. Akwai mai ɗakuna bakwai, bolt 14, ga masu neman tsaka-tsaki.

Wasu kuma sukan haɗa batir biyu a jere, kan mai alamar tarawa na ɗaya zuwa kan mai alamar ɗebewa na ɗayan, su samu bolt 24, kamar yadda ake yi a tireloli. Amma kik kaɗai suke bai wa wannan wuta, sauran kayan motar na nan a kan 12. Dabarar na juya inji da sauri ƙwarai, sai dai tana rage kwanan kik ɗin. Idan kuwa aka haɗa su gefe da gefe, tarawa da tarawa, wutar ba ta wuce 12 ba, juriya ce kawai ta ƙaru.

A rukunin Top Fuel na hukumar NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951, lissafin dabam yake. Waɗannan motoci na shan man naitiromitan, ƙarfinsu ya haura na doki 10,000, kuma tun 2008, bayan haɗarin da ya kashe direba Scott Kalitta, aka rage musu zango zuwa ƙafa 1,000. Ba su ɗauke da kik ko kaɗan. Ma'aikata ne ke zuwa da wani babban kik na hannu, su maƙala shi a gaban na'urar da ke dura iska cikin inji, a ba shi wuta daga tarin batura, galibi bolt 48. Ana tsiyaya ɗan fetur don injin ya kama, sannan a cire kik ɗin a ja da baya. Tartsatsin fulogi kuwa daga magneto yake fitowa, wadda ke samar da wutarta da kanta muddin inji na juyawa. A da can, tura irin waɗannan motoci ake yi da wata motar har su tashi.

Abin da gogaggun bakanike ke yawan jan hankali a kai shi ne, ba kowace matsalar tayarwa ce ke buƙatar ƙarin bolt ba, kuma suna da gaskiya. Masu tsere kan mayar da batir cikin but domin nauyi ya danne tayoyin baya, abin da ke sa wayar ta yi tsawo. Siririyar waya, ko kan batir mai tsatsa, ko wayar ƙasa da ba ta kama jikin mota sosai ba, na iya cinye bolt ɗaya ko biyu kafin wutar ta isa kik. Wanda ya sayi batir mai bolt 16 bai gyara waɗannan ba ya ɓoye cutar ne da kuɗi mai yawa. Ga motar da injinta bai yi nisa da na kamfani ba kuma altanetarta na nan, lafiyayyen batir mai bolt 12 da kakkaurar waya sun wadatar. Dokokin NHRA dai sun tanadi cewa duk motar da aka mayar da batirinta baya sai an ɗaure shi tamau, an kuma sa makunnin kashe wuta gaba ɗaya a bayan motar, inda jami'an ceto za su iya kaiwa gare shi idan haɗari ya auku.