Kafin Katafila Ta Shiga Filinka

Shekarun baya wani ɗan uwana ya sayi fili ƙafa hamsin a ɗari a bayan gari, nan Kano. Aka haɗa shi da wani mai kwangilar share filaye, suka tsaya a inuwar darbejiya suka yi jinga. Ya ce masa, "Malam, so nake ka gyara mini shi tas, yadda magina za su zo su kama aiki." Mutumin ya ce, "Alhaji, an gama." Aka ba shi kafin alƙalami, aka yi musabaha, kowa ya kama gabansa. Bayan kwana huɗu fili ya fito fes, jar ƙasa a shimfiɗe kamar an sa magogi. Da leburori suka fara haƙa fandisho, ba su kai ƙafa biyu ba sai ga ledoji da tsummokara da fasassun kwalabe, can ƙasa kuma baƙin ruwa mai wari. Ashe rabin filin tsohon kududdufi ne da aka binne da shara.

Ɗan uwana ya ce an cuce shi. Mai kwangila ya ce share fili aka sa shi, ba a sa shi haƙa ba. Abin haushin shi ne babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kalmar "gyara" ce kowa ya fassara ta yadda ta yi masa daɗi, kuma babu takardar da za a duba ta raba gardama.

Mutanenmu sukan tsananta wajen cinikin siminti da rodi da kwano, don abubuwa ne da ido yake gani. Aikin da ake yi wa ƙasa kafin a sa bulo na farko kuwa, da an rufe shi ya ɓace, sai damina ta biyu ko ta uku bango ya tsage daga sama har ƙasa, daɓen ɗaki ya lotsa, ƙofa ta ƙi rufuwa. A lokacin mai katafila ya daɗe da kashe kuɗinsa. Shi ya sa yarjejeniya da shi ta fi ta magini bukatar rubutu. Mu da muke da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, tana koyar da rubuta bashi da kafa shaidu, bai kamata a ce kunya ce ke hana mu ɗaukar biro ba. Malaman fiƙihu ma sun sharɗanta cewa a kwantiragin aiki dole a san aikin, a san ladan.

Farkon abin da takarda za ta ɗauka shi ne filin kansa. A maƙala mata zanen safiyo, a fita tare a nuna wa mai kwangila duwatsun iyaka ɗaya bayan ɗaya, a rubuta cewa in injinsa ya tumɓuke ɗaya, shi zai biya a mayar. Direban buldoza ba ya ganin ƙaramin siminti cikin ciyawa, kuma taku biyu da aka ci na maƙwabci ya isa ya kai mutum gaban alƙali. Nuna shaidar mallaka nauyin mai fili ne. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen birane suna ƙarƙashin ikon gwamnan jiha, don haka a Kano takardu sai sun bi ta KANGIS, izinin gini kuma ta KNUPDA, kamar yadda na Abuja suke bi ta AGIS da sashen kula da gine-gine. In hukuma ta zo ta shafa jan fenti ta tsayar da aiki alhali injin haya yana zaune a fili, wa zai biya kuɗin kwanakin? Wannan tambaya gara a amsa ta tun ana dariya.

Inda kuɗi ya fi zurarewa shi ne ciko. "Tifa nawa za ka zuba?" "Ashirin." To wace irin tifa? Akwai ƙarama mai taya shida, akwai babba mai taya goma, kuma kowacce ana iya kawo ta a cike har da tozo ko a kawo ta rabi da kwata. Bari mu yi lissafi. Fili hamsin a ɗari ya kai kimanin murabba'in mita 465. In za a ɗaga shi ƙafa ɗaya, wato santimita 30, ana bukatar ƙasa wajen kubik mita 140. Motar da ke ɗaukar kubik 10 za ta yi sawu 14, mai ɗaukar 5 kuwa sai ta yi 28. Ƙasar kuma in an danne ta raguwa take yi, dole a ƙara a kan haka. Wanda ya yi ciniki da sawu kawai ya bar ƙofa a buɗe. Abin da ya fi shi ne a yi ciniki da tsayi: a buga turke, a yi alama, a rubuta cewa ciko zai kai nan bayan an danne, a auna daga saman titi ko bakin lambatu. In kuwa sai da sawu za a yi, a sa yaro amintacce da littafi a bakin fili, kowace mota ta shigo a rubuta lambarta.

Irin ƙasar ma a ambace ta da sunanta: burji ko jar ƙasa mai tsakuwa, ba ɓaraguzan tsohon gini da sharar bola ba. Kafin a zuba, a kankare ƙasar sama mai saiwoyi da taki, a tone kututture, a fasa suri a zuba maganin gara. Sannan a rubuta yadda za a danne: shimfiɗa bayan shimfiɗa, kowacce kamar inci shida, a yayyafa ruwa, a bi ta da rola ko injin daɓe. Mai gaggawa sai ya juye ƙafa uku a lokaci guda ya bi saman da gireda, ciki kuwa yana nan fayau kamar gari.

Sai abin da ke ɓoye a ƙasa, wanda shi ne ya kada ɗan uwana. Birnin Kano cike yake da kududdufan da kakanni suka haƙa don ginin ƙasa, da yawa an cike su an sayar. A Abuja da Jos dutse ake tararwa, fasa shi kuma aiki ne daban mai tsada, in ta kai ga nakiya sai mai lasisi. A wasu sassan Borno da Gombe da Adamawa akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi. Mai kwangila mai gaskiya ba zai iya yi maka farashin abin da bai gani ba. Mafita ita ce a haƙa ramukan gwaji biyu ko uku kafin ciniki, in bene za a yi kuwa a kira injiniya mai rajistar COREN ya gwada ƙasar. A kuma rubuta cewa in an ci karo da dutse ko shara ko ruwa, aiki zai tsaya, a kira mai fili ya gani da idonsa, a sa hannu kan sabon farashi kafin a ci gaba. Duk ƙarin aikin da ba a rubuta ba, babu biya. Wannan sharaɗi kariya ce ga mai kwangila shi ma, domin akwai masu filin da kullum cewa suke "ɗan ƙara nan, ɗan taɓa can", ranar biya su ce ai duk cikin jinga ne.

Kuɗi kuma a biya daki-daki. Kafin alƙalami daidai kawo inji da sayen gas, sauran bayan an duba kowane mataki. A manyan kwangiloli an saba riƙe kashi 5 cikin ɗari har wata shida. Ni da za a bi tawa, a riƙe shi har damina guda ta wuce a kan cikon. A faɗi ranar farawa da ta gamawa, da abin da za a yi in gas ya tashi a tsakiya. A faɗi mai itacen da aka sare da ƙasar da aka tono, don nan ma ana rigima. In an fasa bututun ruwa, ko katangar maƙwabci ta faɗi, ko lebura ya ji rauni, a san wuyan wa abin yake.

Takardar ba sai da Turanci ba. A rubuta ta da Hausar da kowa ya fahimta, kowane ɓangare ya kawo shaidu biyu, a ɗauki hoton fili da waya kafin aiki da bayansa, kowa ya riƙe kwafi. A sa sunan wanda za a fara kai wa ƙara in an saɓa, mai unguwa ne ko wani injiniya da duka biyu suka yarda da shi. A Kano ma akwai zauren sulhu na babbar kotu mai raba irin wannan ba tare da doguwar shari'a ba. In kuɗin da yawa, lauya ya duba.

Ɗan uwana sai da ya kwashe cikon da ya biya, ya kwashe sharar da ke ƙarƙashinsa, ya sake sayen burji, ginin ya yi jinkirin shekara guda. Kai da ke shirin kiran katafila bana, fara aika leburori biyu da diga da shebur su haƙa maka rami a tsakiyar filin, ka leƙa da idonka, sannan ka zauna ciniki.