Itacen Da Ya Zama Haɗari A Gida: Wa Ya Kamata Ya Sare Shi?

Iskar farkon damina, daga watan Afrilu zuwa Yuni, ita ce ta fi kayar da itatuwa a kan gidaje. Yawancin itatuwan nan sun daɗe da nuna alama kafin su faɗi. Don haka a zagaya gida a duba tun da rani.

Ga abin da za a lura da shi. Idan gara ta yi gini a jikin itace, ko laimar kwaɗi tana fitowa a gindinsa, to cikinsa ya fara ruɓewa. A buga shi da ƙotar gatari: idan ya yi ƙara kamar ganga, akwai kogo. Itacen da ya karkata kwanan nan, ƙasa kuma ta tsage ko ta ɗago a gindinsa, saiwoyinsa sun saki. Wannan kam kada a jira.

Wani lokaci rage rassa ya isa, musamman ga mangwaro da dalbejiya masu ba mu inuwa. Amma idan sarewa ta zama dole, kuma itacen yana kusa da ɗaki, rumbu ko hanya, kada a tara samarin gida da gatari. Lafiyayyen itace yakan faɗi inda aka nufa. Ruɓaɓɓe kuwa yakan karye tun ba a gama sara ba, ya juya inda ya ga dama. Ga kuma nauyi: ɗanyen gungume mai tsawon mita 1 da kaurin rabin mita yakan kai kusan buhun masara 2. Kunna wuta a gindi, kamar yadda wasu ke yi a gona, ya fi muni, domin ba wanda ya san daren da zai faɗi.

Ba duk mai injin yankan itace ne gwani ba. Wasu katako kawai suka saba tsagawa a daji, inda babu rufin kowa. A tambaye shi inda ya taɓa sare itace a cikin gida, a je a ji daga bakin masu gidan. Wanda ya san aiki zai fara duba kogo ko akwai ƙudan zuma. Inda wuri ya matse, zai hau ya yanka daga sama gunduwa-gunduwa, yana saukar da rassa da igiya. Inda akwai fili, zai fara yanka baki a gefen da yake so itacen ya kwanta, sa'an nan ya yanka ta baya. Wanda ya zo babu igiya, a sallame shi.

Kafin a ta da inji, a yi magana a gaban shaidu, in ya yiwu a rubuta. Nawa ne kuɗin aiki? Wa zai ɗauki itacen da katakon? Wa zai gyara idan kwano ko katangar maƙwabci ta lalace? Har da kututture, domin dalbejiya takan sake toho. Kada a biya duka sai an gama.

A wurare da yawa ana bukatar izini daga ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma, saboda haka a tuntuɓi mai unguwa ko malamin daji. Idan reshe yana taɓa wayar lantarki, sai ma'aikatan kamfanin wuta sun kashe layin tukuna.

Ranar aiki, a fitar da kowa daga ɗakunan da ke kusa, a kwance dabbobi a kai su nesa. Yara da 'yan kallo su tsaya a nisan da ya ninka tsawon itacen sau 2, a sa babba ɗaya ya tsare su har a kashe inji.