Zakami: Dafin da ke Bayan Gidanmu

Idan ruwa ya zauna a Yamai, daga watan Yuli zuwa Satumba, ƙasa takan fito da abubuwa iri-iri. Akwai tafasa, akwai rama, akwai yaɗiya. Akwai kuma laimar kwaɗi, wadda wasu ke ce ma naman kaza. Da dare babu ita, da safe sai ka gan ta tsaye a gindin icce ko kusa da garken shanu.

A cikin ajinmu na yaƙi da jahilci, wani ya tambaye ni, "Malam, gaskiya ne akwai laimar kwaɗin da ke juya hankali?" Na ce masa gaskiya ne. A ƙasar Meziko an san ta tun zamanin kaka da kakanni. Akwai kuma wadda ba ta tsaya ga hankali ba, hanta take lalatawa har mutum ya mutu. Ido ba ya rarrabe su da sauƙi, kuma dafuwa ba ta kashe dafin. Don haka wadda ba ka sani ba, bar ta inda ka gan ta.

Amma mu nan, abin da ya fi juya hankalin yaranmu wani tsiro ne dabam. Sunansa zakami. Wasu na ce masa haukata yaro, wasu babba jibji. Zabarmawa na kiransa sobi-lobi, masana kuma datura.

Sunan babba jibji ya riga ya gaya maka inda yake zama. Juji yake so, inda shara da taki suka ruɓe. Za ka same shi a kango, da bayan darni, da bakin lambatu, da gefen gadina a bakin kogi. Da damina yake bunƙasa, amma inda laima ba ta yankewa, ko da rani yana nan kore shar.

To, yaya kamarsa take? Tsawonsa yakan kai ƙugun mutum, wani ma ƙirji. Ganyensa na da faɗi, in ka murza shi sai ka ji wari marar daɗi. Furensa fari ne dogo, bakinsa a buɗe kamar kakakin sarki, kuma da marece yake buɗewa. Ɗansa kuwa ƙwallo ne kamar ƙaramin lemun tsami, jikinsa duk ƙaya. In ya bushe sai ya fashe, iri ya zubo birjik, mai kama da ƙwayar barkono. Furen nan da ƙwallon nan su ke jan yara, su ɗauka abin wasa ne.

Daga saiwa har fure, babu inda ba dafi, amma ya fi taruwa cikin iri. Likitoci na kiran dafin atrofin da sikofolamin. Ga abin da nake so ka riƙe: ƙarfinsa ba ɗaya ba ne. Wani gindi ya fi wani ƙarfi ninki-ba-ninki, ko da a juji guda suka fito. Saurayin da ya ce maka ya san "daidai gwargwado" da ake sawa cikin shayi ko kunu, ƙarya yake yi, ko kansa yake ruɗa. Abin da abokinsa ya sha jiya ya tashi, shi ya sha yau a kai shi kushewa.

Cikin rabin awa zuwa awa guda alamu ke farawa. Baki ya bushe ƙayau, har haɗiyar miyau ta gagara. Baƙin ido ya buɗe, haske ya dame shi, gani ya dushe. Jiki ya yi zafi, amma ba gumi ko ɗigo. Zuciya ta yi ta dukan tara-tara, fitsari ya ƙi fita. Daga nan sai sambatu. Ka ga mutum yana tsintar abin da babu a ƙasa, yana gaisawa da bango, yana tuɓe riga a gaban surukai. Hakan na iya kai kwana biyu ko uku. In ya farfaɗo, sau da yawa bai tuna kome ba.

Na ga wannan da idona ga wani yaro a unguwarmu. Iyayensa suka ce iskoki ne, aka ɗaure shi, aka yi ta turare har dare. Sai da ƙanwarsa ta nuna ƙwallon da suka fasa wajen wasa, sannan aka gane.

Ba sai da gangan ba ma. A shekarar 2019, a yankin Karamoja na ƙasar Yuganda, irin zakami ya gauraya da garin kunu na agaji. Kusan mutum 300 suka kwanta, 5 suka rasu. Manomi, ka ji wannan: in yana cikin gonarka, cire shi tun kafin girbi, kada irinsa ya shiga cikin wake ko riɗi.

Idan ka ga alamun nan ga wani, kada ka jira gari ya waye. Nufi gidan likita mafi kusa, ko Babban Asibitin Ƙasa da ke nan Yamai. Kada ka ɗura masa nono ko mai, kada ka sa masa yatsa a maƙoshi don ya yi amai, yana iya shaƙewa. Kada a buge shi, ba shi cikin hayyacinsa. A shafe masa jiki da tsumma mai ruwan sanyi, a janye wuƙa da wuta daga kusa da shi. In ya suma, a kwantar da shi ta gefe. Sa ganye ko ƙwallon da ya ci cikin leda ka tafi da shi, likita ya gani.

Wanda ke bayan gidanka kuwa, tumɓuke shi har saiwa tun bai yi ƴaƴa ba. Sa leda a hannu, kuma kada ka sosa ido sai ka wanke da sabulu. Kada ka ƙone shi a tsakar gida, don hayaƙinsa ma na bugarwa. Gina rami mai zurfi ka binne. Bayan ruwa biyu ko uku ka sake leƙa wurin, don irin da ya zube bara yana nan cikin ƙasa yana jira.